Takardar Gwajin Ƙasa Ta Zo Hannu, To Sai Me? Tambayoyinku da Amsoshinsu

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suke. An ɗebi ƙasa an kai ɗakin gwaji, takarda ta dawo cike da lambobi, mai gona ya rasa ta inda zai kama ta. Mun zaɓi tambayoyin da amsarsu za ta amfani kowa, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum malaman gona. Takardar gwajin ƙasata ta ce in sa N 120, P₂O₅ 60, K₂O 60 a kowace hekta don masara. Ni kuwa buhu na sani. Buhu nawa ke nan? Gonar eka uku ce.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Takardar ba buhu take ƙirgawa ba, nauyin sinadarin kansa take faɗa, da kilo. N naitirojin ne, P₂O₅ fosfaras, K₂O kuma fotasiyam. Lambobin da ke jikin buhu kuwa kashi ne cikin ɗari. Buhun kamfa mai kilo 50 da aka rubuta wa 15-15-15, kilo 7.5 na kowane ɗaya daga cikin ukun ke cikinsa. Buhun yuriya mai lamba 46, kilo 23 na naitirojin yake ɗauke da shi, babu fosfaras ko fotasiyam ko ƙwaya.

Ka raba abin da takarda ta ce da lambar buhu, sannan ka ninka da 100. A fara da fosfaras kullum, domin naitirojin yana da sauƙin cikowa daga baya. 60 a raba da 15 a ninka da 100, kilo 400 ke nan na kamfa, wato buhu 8 a hekta. Waɗannan buhuna takwas sun biya maka fosfaras 60 da fotasiyam 60, sun kuma ba ka naitirojin 60. Saura naitirojin 60. A raba shi da 46 a ninka da 100, ya kama kilo 130 na yuriya, buhu biyu da rabi da ɗan ɗori.

Wannan na hekta ɗaya ne. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa 4,047. Eka ukunka hekta 1.2 ce da 'yan kai, don haka kamfa kusan buhu 10 za ka nema, yuriya buhu 3 da kaɗan. Amma muna roƙonka ka auna gonar da igiya ko da na'urar awon fili ta waya kafin ka sayi komai. Gonar da ake kira eka uku da ido sau da yawa ba ta kai ba, ko ta wuce. Wanda kuma ya zuba adadin hekta guda a kan eka ɗaya, ya zuba kusan ninki biyu da rabi na abin da aka ce ya zuba.

Ba dole ne kamfa ba. Da takardar cewa ta yi 90, 45, 0, wato ƙasar tana da isasshen fotasiyam, sayen 15-15-15 ya zama biyan kuɗin abin da gonar ba ta nema. Nan sai a ɗauki takin DAP mai lamba 18-46-0: kilo 98, kusan buhu 2, ya biya fosfaras, ya ƙara da naitirojin kilo 18. Ragowar kilo 72 yuriya buhu 3 da kaɗan za su cike shi. Idan sufa ce a hannu, a duba lambarta, tana tsakanin 16 da 20, kuma tana da wata fa'ida, domin tana ɗauke da salfa da kalsiyam.

Abu na ƙarshe, ka duba da kyau ko P aka rubuta zalla ko P₂O₅. Ba ɗaya ba ne. In P ne zalla, ka ninka da 2.29 kafin ka kwatanta da buhu. In K ne zalla, ka ninka da 1.2.

Tambaya: Bara na zuba taki yadda aka ce, amma inda ya faɗa kusa da iri tsiron ya ƙone, bayan wata guda kuma masarar ta yi ɗorawa kamar ba a ba ta komai ba. Duka na zuba rana ɗaya, na watsa a kan kunya. Ina kuskuren?

Amsa: Kuskure biyu ne, ɗan'uwa, na wuri da na lokaci.

Takin zamani gishiri ne. In ya taɓa iri ko saiwar da ta fara fitowa, sai ya janye ruwan jikinta. Yuriya da DAP sun fi ɓarna a nan, domin suna sakin iskar amoniya a daidai inda suka narke. Ka haƙa ɗan rami santimita 5 zuwa 8 a gefen tsiro, faɗin yatsu uku zuwa huɗu ke nan, zurfinsa santimita 5, ka zuba ka rufe da ƙafa. Rufewar nan ba ƙawa ba ce. Yuriyar da aka bari a fili a kan ƙasa mai ɗan damshi, rana tana dukanta, wani ɓangare mai yawa na naitirojin ɗinta iska yake bi cikin 'yan kwanaki. Fosfaras kuma ba ya tafiya cikin ƙasa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, inda aka ajiye shi nan yake zama. In a saman kunya yake, saiwa ba za ta same shi ba.

Sai lokaci. Fosfaras da fotasiyam a ba su duka tun farko, ranar shuka ko cikin mako biyu da tsirowa. Naitirojin kuwa ruwa yana wanke shi ƙasa, kuma masara ba ta fara cinsa sosai sai ta kai gwiwa. Saboda haka rabi ko sulusi a farko, saura a mako na huɗu zuwa na shida, bayan an gama noma ciyawa, ƙasa da damshi amma ba a kwance cikin ruwa ba. A jigawa mai rairayi a kasa shi uku. Akwai wata lamba a takardarka mai suna CEC, wadda ke nuna ƙarfin ƙasa na riƙe sinadari. In ta gaza 5, ƙasarka kamar rariya take, kaɗan-kaɗan za ka riƙa ba ta.

Ga yadda za ka mayar da buhu zuwa rami. In tsakanin kunyoyi santimita 75 ne, tsakanin ramuka 25, tsiro ɗaya a rami, hekta na ɗaukar tsiro kusan 53,300. Kilo 400 na kamfa ya kama giram 7.5 ga kowane tsiro. Ka auna giram 75 a sikeli, ka kasa shi goma, ka nemi murfin gora da kaso ɗaya zai cika, ka ba kowane ma'aikaci irinsa. Don ka tabbatar hannu bai yi nauyi ba, kunya mai tsawon mita 100 kilo 3 na kamfa za ta ci, yuriya kuma kilo 1. In kilo ukun ya ƙare tun kana tsakiyar kunya, ka tsaya ka gyara ma'auni kafin a ci gaba.

Tambaya: Ranku ya daɗe. An rubuta mini pH 5.0, an ce in zuba farar ƙasa tan 2 a hekta. Abin ya yi mini yawa. Ba zan iya ƙara buhu biyu na taki a madadinsa ba?

Amsa: Ba za ka iya ba, Alhaji, kuma wannan ita ce lambar da muke so kowa ya fara dubawa a takardarsa kafin ya je kan lissafin buhu.

Ma'aunin pH, wanda masanin nan na ƙasar Denmak, Sørensen, ya ƙirƙiro a 1909, yana auna tsami ne. 7 shi ne tsaka-tsaki, ƙasa da shi tsami, sama da shi ɓangaren kanwa. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, don haka ƙasa mai 5.0 ta fi mai 6.0 tsami sau goma. Yawancin amfanin gona sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Da zarar an sauka ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam da ke kwance cikin ƙasa sai ya narke ya zama guba ga saiwa. Ka tumɓuke tsiro ɗaya daga wurin da ya fi tsumburewa, ka wanke saiwar a bokiti ka duba: za ka gan ta gajera, mai kauri, bakinta ya dakushe ya yi ruwan ƙasa, babu 'yan siraran gashin nan da ke tsotsar ruwa da abinci. Irin wannan saiwa ko buhu ashirin ka zuba mata ba ta da bakin ci. Ga shi kuma alminiyam ɗin da ƙarfe suna kame fosfaras ɗin da ka saya su hana shi narkewa. Ƙarin yuriya ma tsamin yake ƙarawa, domin kowane kilo na naitirojin daga yuriya yana bukatar kusan kilo 1.8 na farar ƙasa kafin a kashe tsamin da ya bari. Takin amoniyam salfet yana barin kusan ninki uku na haka.

Tan biyun ba daga lambar pH kaɗai aka samo shi ba. Ɗakin gwaji yana auna tsamin da ke ɓoye a jikin ƙwayoyin ƙasar, shi ya sa laka kan nemi ninki biyu ko uku na abin da rairayi zai nema, alhali pH ɗinsu ɗaya. Kada ka ari adadin maƙwabci.

Adadin da aka rubuta maka na tsantsar kalsiyam kabonet ne, wato sinadarin da ke kashe tsami a cikin farar ƙasa, mai ƙarfi 100. Ka tambayi ƙarfin wadda za ka saya. In 80 ne, sai ka raba 2 da 80 ka ninka da 100, tan 2.5 ke nan. Ka murza ta tsakanin yatsu. Mai laushi kamar hoda ita ke aiki a shekarar, mai tsakuwa-tsakuwa sai ta yi shekaru a ƙasa ba ta narke ba. In takardar ta nuna magnesiyam ya yi ƙasa, ka nemi dolomait, tana da kalsiyam da magnesiyam tare. Ƙonanniyar farar ƙasa ta fi ƙarfi da sauri, amma tana cin fata da ido, sai da safar hannu da takunkumi da tabarau, kuma adadinta bai kai na ɗanya ba.

Wajen zubawa, ka kasa gonar da turaku gida-gida, mita 10 sau 10. Kowane gida kilo 25, rabin buhu. A watsa da safe kafin iska ta taso, a bi da garma ko haro a cakuɗa ta da ƙasa zurfin santimita 15 zuwa 20. Farar ƙasa ba ta nutsewa da kanta sai a hankali ƙwarai, wadda aka bari a sama saman kawai za ta gyara. Tana bukatar damshi da lokaci, wata biyu zuwa uku kafin shuka, cikakken amfaninta kuma sai a shekara ta biyu. Kada ka haɗa ta da yuriya ko amoniyam salfet a rana ɗaya, naitirojin ɗin zai tashi. A bar mako uku ko huɗu tsakaninsu.

Kada kuma ka ce tunda biyu da rabi na da kyau, biyar ya fi. Farar ƙasa in ta yi yawa, musamman a rairayi, tana ɗaure zink da manganis da boron, kuma sauko da pH ya fi ɗaga shi wuya. A tsohuwar jar ƙasa ta yankuna masu zafi, kai wa 5.5 zuwa 6.0 ya isa ya kwantar da alminiyam. Tokar itace tana rage tsami, tana kuma ba da fotasiyam, amma ƙarfinta rabin na farar ƙasa ne ko ƙasa da haka, ta fi dacewa da ɗan lambu. Jibsam kuwa, wato kalsiyam salfet, ba ya ɗaga pH, kada a sayar maka da shi da sunan maganin tsami.

Tambaya: Ni da ƙanena mun raba ƙasa ɗaya mun kai ɗakunan gwaji biyu. Ɗaya ya ce fosfaras 9 ppm, ɗaya ya ce 16. pH ma ɗaya 5.4, ɗaya 6.0. Wanne ya yi mana ƙarya?

Amsa: Mai yiwuwa babu ko ɗaya. Ku duba ƙasan takardun, inda ake rubuta hanyar gwaji. Fosfaras da ruwan sinadari ake tatso shi, kuma ruwan iri-iri ne: hanyar Bray ta 1945 an yi ta ne don ƙasa mai tsami, ta Olsen ta 1954 don ƙasa tsaka-tsaki ko mai kanwa, ga kuma Mehlich 3 ta 1984. Kowace da yawan abin da take tatsowa, kowace da ma'auninta na ƙaranci da wadata. Abin da za ku kwatanta shi ne hukuncin da ke gefen lambar, ƙasa ne, matsakaici ne ko sama. pH kuma in an auna shi cikin ruwan kalsiyam kilorayid yakan fito ƙasa da wanda aka auna cikin ruwa zalla da kamar rabin mataki ko ɗan fiye. Tazarar da kuka gani ke nan. Ku zaɓi ɗaki ɗaya ku riƙe shi, don sakamakon bana ya iya zama ma'aunin na baɗi.

Ita ppm miligiram ne a kilo ɗaya na ƙasa. Saman hekta mai zurfin santimita 15 nauyinsa kusan kilo miliyan 2 ne, don haka 9 ppm kamar kilo 18 ne a hekta. Amma kada ku cire wannan kai tsaye daga abin da aka ce ku zuba, an riga an yi la'akari da shi a shawarar.

Inda aka fi samun kuskure na gaske shi ne wajen ɗiban ƙasar. Rabin kilo ake kaiwa ya wakilci kilo miliyoyi. A bi gona a karkace, a ɗiba wuri 15 zuwa 20, kowane daga sama zuwa zurfin santimita 20, kauri ɗaya sama da ƙasa. A cakuɗa a bokitin roba mai tsabta, ba na ƙarfe mai rufin tutiya ba, kuma ba tsohon buhun taki ba. A shanya a inuwa. A guji gindin bishiya, suri, tsohon juji, inda aka ƙona kara da bakin hanya. In gonar tana da tudu da kwari, ko jar ƙasa da baƙa, kowane ɓangare da nasa samfurin. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai samu shawarar da ba ta dace da tudun ba, ba ta kuma dace da kwarin ba.

Tambaya: Malamai, ina kiwon kaji kuma ina da kashinsu da yawa. Takardar ba ta ambace shi ba, ta dai ce kabon na ƙasata 0.5 ne. In na zuba kashin, zan rage takin zamani ne ko in bar shi yadda yake?

Amsa: Za ki rage, Hajiya, amma da lissafi. Ki ninka 0.5 ɗin nan da 1.72, ya ba ki 0.86 cikin ɗari na ruɓaɓɓen abu mai rai a ƙasarki. Ya yi kaɗan. Irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki, tana yin ɓawo bayan ruwan sama. Kashin kajin yana yi mata abin da buhu ba zai yi ba.

Busasshen kashin kaji yakan ƙunshi naitirojin tsakanin kashi 2 da 4 cikin ɗari. Mu ɗauki 3. In kika zuba tan 3 a hekta, kilo 90 ke nan, amma kamar rabi ne kawai shuka za ta samu a daminar farko, saura sai ya ci gaba da ruɓewa. Kilo 45 daidai yake da yuriya buhu 2, su za ki cire. Fosfaras ɗinsa kuma kusan yawan naitirojin ɗinsa ne, don haka tan ukun na iya biyan mafi yawan fosfaras ɗin da aka rubuta miki. Nan ne ake bukatar kula: mai zuba kashin kaji duk shekara don ya cike naitirojin, fosfaras yana taruwa masa har ya wuce kima, ya hana shuka shan zink, ruwan sama kuma ya kwashe shi zuwa rafi ya gurɓata shi. Ki riƙa sake gwaji. Kashin shanu bai kai wannan ƙarfi ba, musamman wanda ya sha rana da ruwa a fili, kamar kashi 1 ne ko ƙasa, kuma ya fi jinkirin saki.

In kashin ya cika da garin katako ko buntun shinkafa na shimfiɗa, ki tara shi ki jiƙa, ki riƙa juyawa har zafinsa ya sauka, ya yi baƙi, warin amoniya ya tafi. Ɗanyen garin katako yana sa ƙwayoyin halittar ƙasa su kwashe naitirojin don ruɓar da shi, yabanya ta yi ɗorawa na makonni. A binne takin mako biyu ko uku kafin shuka. In kayan lambu ne da ake ci ɗanye, a bar wata huɗu tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbi, saboda ƙwayoyin cuta.

Tambaya: Noman rani nake yi. Ƙasar ta fara yin santsi in ta jiƙe, ruwa ya kwanta ya ƙi shiga, in ta bushe ta yi tauri kamar dutse. Gwaji ya nuna pH 8.8, EC 2.1, ESP 19, CEC 15. Wani ya ce in zuba farar ƙasa. In zuba?

Amsa: Kada ka zuba, Malam. Farar ƙasa maganin tsami ce, ƙasarka kuwa ta ɗaya ɓangaren ta karkata.

EC yawan gishiri yake aunawa, kuma sai ya wuce 4 ake kiran ƙasa mai gishiri. Naka bai kai ba. ESP kuwa kason sodiyam ne da ya maƙale a jikin ƙwayoyin laka, iyakarsa 15, naka 19. Sodiyam yana wargaza dunƙulen ƙasa, 'yan ƙwayoyin su toshe ƙofofin da ruwa da iska ke bi. Gani ya kori ji: ka ɗauki ɗan busasshen hoge kamar ƙwayar wake, ka sa shi a hankali cikin kofin gilashi mai ruwan sama, kada ka motsa. In bayan ɗan lokaci ka ga farin hazo ya kewaye shi, sodiyam ne.

Maganinsa jibsam, wato kalsiyam salfet. Kalsiyam ɗinsa yana ture sodiyam daga jikin laka, ruwa kuma ya wanke shi ƙasa. Don sauko da ESP daga 19 zuwa 10, kashi 9 cikin ɗari na CEC ɗinka mai 15 za a musanya, wato 1.35. Kowane 1 na wannan adadi yana cin kusan tan 1.7 na tsantsar jibsam a hekta a zurfin santimita 15, jimla tan 2.3. In jibsam ɗin ba tsantsa ba ne ka ƙara gwargwado. A cakuɗa shi da saman ƙasa, a yi fangali, a cika da ruwa mai kyau sau da yawa. Amma kafin komai ka haƙa magudana. In ruwan wankin ba shi da mafita, sodiyam ɗin zai sauka ne ya dawo sama da zarar rana ta yi zafi. Ka kai ruwan da kake ban ruwa da shi a gwada shi ma, domin sau tari shi ne tushen matsalar.

Ka ɗiga ruwan kal a kan busasshiyar ƙasar. In ta yi kumfa, tana da farar ƙasa a cikinta, kuma garin farar wuta zai iya narkar da ita ta saki kalsiyam, sai dai aikinsa na watanni ne. A irin wannan ƙasa amoniyam salfet ya fi yuriya, takin dabbobi da ragowar kara kuma suna taimakawa ƙwarai wajen buɗe ta.

Tambaya: Na bi lissafin N, P da K daidai, amma sababbin ganyen masarata suna fitowa da faffaɗan zane fari a gefen jijiyar tsakiya, tsirran kuma gajeru, gaɓoɓinsu a matse. Me ya rage?

Amsa: Alamar ƙarancin zink ce, ɗan'uwa, kuma da yawa daga gwaje-gwajen yau da kullum ba sa auna shi sai an nema. Tun 1828 masanin Jamus Carl Sprengel ya bayyana cewa sinadarin da ya fi ƙaranci shi ke yanke wa shuka iyaka, Justus von Liebig kuma ya yaɗa maganar. Ana kwatanta ta da gangar katako mai filanki tsaye: ruwa ba ya wuce tsayin mafi gajarta a cikinsu.

Ka lura da wane ganye ne ya fara. Naitirojin tsofaffin ganye na ƙasa yake fara mayarwa ɗorawa, daga baki yana bin jijiyar tsakiya. Fotasiyam gefunan tsofaffin ganye yake ƙonawa. Fosfaras shunayya yake sa ƙaramin tsiro ya yi. Salfa da zink a sababbin ganye na sama suke bayyana, na salfa ɗorawa bai ɗaya, na zink zane. In kuwa zanen siriri ne mai yankewa, kuma tsiro nan tsiro can, ka yi zargin cutar zanen masara da ƙwaro ke yaɗawa, wadda taki ba ya yi mata komai.

Don ceton bana, ka narkar da giram 5 na zink salfet a kowace lita ta ruwa, giram 75 ke nan a goyon feshi mai lita 15. Ka fesa da sassafe ko da yamma, ka maimaita bayan kwana 10 zuwa 14. Don baɗi, kilo 25 a hekta na zink salfet mai kashi 21, a gauraya da busasshen yashi don ya watsu daidai, a binne kafin shuka. Yana kai shekara biyu zuwa uku. Boron kuwa kada ka zuba shi da ka sai gwaji ya nuna, domin tsakanin isarsa da gubarsa babu nisa.

Tambaya: Sau nawa ya kamata a sake gwaji?

Amsa: Duk shekara uku a gonar damina. Shekara-shekara ko bayan shekara biyu a lambu da gonar ban ruwa, da inda aka zuba farar ƙasa ko jibsam. A ɗiba bayan girbi, a lokaci ɗaya kowane karo, kafin a zuba komai.

Tambaya: Gaskiya ƙarfina bai kai sayen duk abin da takarda ta ce ba. Wanne zan bari, wanne zan kama?

Amsa: Ka bi hukuncin da ke gefen kowace lamba, Malam. Wanda aka ce yana sama, bar shi bana ba abin da zai faru. Matsakaici ka iya rage shi. Wanda aka ce yana ƙasa shi ne ba a taɓawa, musamman fosfaras, domin yuriya a kan ƙasar da ba ta da fosfaras ganye kawai za ta ba ka. Adadin naitirojin kuma an gina shi ne a kan yawan amfanin da ake sa rai, tunda masara tana ɗaukar kamar kilo 20 zuwa 25 kan kowane tan na hatsi. In irinka ko ruwanka ba za su kai ka tan 5 ba, kilo 120 ya yi maka yawa tun asali. Buhunan farko su suka fi biya, na ƙarshe ƙarinsu kaɗan ne, don haka kashi biyu cikin uku na adadin a faɗin gonar da za ka iya nome ciyawarta a kan lokaci ya fi cikakken adadi a rabinta.

Farar ƙasa ce ba a yi mata haka. Ita ka ba sulusin gona cikakken adadi bana, sulusi baɗi, ya fi ka barbaɗa kaɗan ko'ina. Wani ɓangaren kuma ka ba wake ko gyaɗa ko waken suya, waɗanda ke samar wa kansu naitirojin daga iska, fosfaras kawai za ka ba su.

Ka ware kunya huɗu a tsakiyar gona ka ba su cikakken abin da takarda ta ce, wasu huɗu kusa da su ka ba su abin da ka saba. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya. Ka kafa turaku a kansu, ranar girbi ka cire kunyoyi biyu na tsakiya na kowane ɓangare daban, ka busar ka sussuka ka auna a sikeli, ka rubuta nauyin a bayan takardar gwajin ka adana ta zuwa ranar da za ka sake ɗiban ƙasa.